Gwaggo Filomina, Tafintar Fada a Karantina

A gidanmu ni ce mai rubutu. Ina da wani littafi mai baƙin bango, a ciki nake sa ranar haihuwar kowa da ranar rasuwa, da sunayen kakannin da ban taɓa gani ba. Har kwanan nan shafin Gwaggo Filomina layi biyu ne: shekarar da ta zo Jidda, da ranar da aka bugo waya daga Najeriya aka ce ta rasu. Ranar ban yi kuka ba. Na rubuta kwanan wata, na rufe littafin, na koma na ƙarasa wanke shinkafa. Yanzu nake so in cika shafin, ko da yake har yau jikina bai gama yarda ta tafi ba.

Yayar Babana ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A wani ƙauyen Maguzawa aka haife su, a ƙasar Malumfashi, ita Kande, shi Bawa. Uwarsu ta shiga Katolika tare da 'yarta, aka yi wa Kande baftisma da suna Filomina. Bawa kuwa ya tafi Kano koyon gyaran firji, ya musulunta a hannun maigidansa, ya koma Abdulgani. Da ya je gida da labarin, tsohuwar ta juya masa ƙeya ta ce ba ta haife shi ba. Bai ƙara kwana a ƙauyen ba. Daga baya ya zo Umra bai koma ba, kamar yadda da yawa suka yi, ya zauna a unguwar Karantina da ke Jidda yana gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. A nan ya auri Ummata Rabi'atu, 'yar Hausawan Sudan. Lokacin da uwarsa take ciwon ajali ba shi da takardar da zai fita ya dawo da ita. Gwaggo ce ta yi jinyar, shekara huɗu, ita kaɗai, don mijinta ya riga ya mutu kuma ba ta da ɗa a raye.

Ina 'yar shekara bakwai ta zo. Wani kamfani ne ya kawo ta aikin wanki da guga a wani asibitin kuɗi, da iƙamarta, wato takardar izinin zama, da komai. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, hannuwanta duk sun yi fari-fari saboda ruwan bilic. Ita kaɗai ce a duk Jidda take ce wa Babana Bawa, shi kuma yana amsawa.

Ta zo masa da wasiƙa. Kaka ce ta faɗa, katikis ɗin ƙauyen, wato malamin cocinsu, ya rubuta da shuɗin biro a takardar da aka yago daga littafin makaranta. An fara da gaisuwa, da labarin tsamiyar ƙofar gida da iska ta kayar. Sannan aka ce: “Bawa, maganar da na yi ranar nan na janye ta. Na yafe maka duniya da lahira. Ka riƙe addininka da gaskiya.” A ƙasa Kaka ta dangwala babban yatsanta da tawada. Baba ba ya karanta boko sosai. Gwaggo ce take karanta masa, har ta koya mini karatun Hausa, da wasiƙar nan ma na koya, don Baba ya ce ba da littafin coci ba. Daga nan aikin ya dawo kaina. Duk ranar Salla in an sauko daga idi, kafin a ci komai, sai ya ce, “Wijdan, hau ki karɓo.” In karanta, shi kuma ya sa yatsansa a kan dangwalen.

Yakan ce “hau” ne don a sama wasiƙar take. Shekarar da ruwa ya ci Jidda ya shiga mana ɗakunan ƙasa har gwiwa, daga nan aka mai da duk takardun gida ɗakin Gwaggo da ke saman rufi, cikin wani gwangwanin biskit. Ɗakin yana da matakalarsa daban ta bayan gida.

A ɗakin nan take koyar da yara, kowace Juma'a da safe. A ƙasar nan babu coci, kowa ya sani. Amma akwai Kiristoci, direbobi da masu jinya da masu aikin gida, wasu daga kudancin Kaduna, wasu daga Filato, kuma suna haihuwa. In yaro ya kai shekara takwas ko tara, a addininsu lokaci ya yi da zai fara furta zunubi: ya durƙusa kusa da Fada, wato limaminsu, ya faɗi laifin da ya yi, Fada ya ba shi shawara da wata addu'a da zai yi, sannan ya gaya masa da sunan Allah an gafarta masa. Sai bayan haka yake fara karɓar abin da suke kira Jibi Mai Tsarki. Shirya yaran don wannan rana shi ne aikin Gwaggo. Ba wanda ya naɗa ta. Ita ce dai ta haddace littafin tambaya da amsa tun tana yarinya.

Baba ya san hatsarin da ke ciki, ga iƙamarsa da ya samu daga baya, ga tata. Abin da ya ce kawai shi ne, “Yaya, abin da ake yi a sama ni ban gani ba.” Amma shi ya ɗora mata tsohon mukayyif mai ƙara kamar injin niƙa, ya ce ƙarar ma tana da amfani. Umma kuwa ba ta rasa abin faɗa.

“Yaya, yau ma masu zunubin naki za su zo? Ki ce su cire takalma. Na zuciya ke kike wankewa, na ƙafa ni nake sharewa.”

“Ke ma ki hau, Rabi. Akwai wuri.”

“Ni? In na fara, Fadan naku sai ya nemi ƙarin biza.”

Yadda take koya musu, na sha gani in na kai mata shayi. Takan ce yaro ya bi ranarsa daga safe zuwa dare kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ba gaggawa, kuma ba a zubar da shinkafar don an ga tsakuwa. Takan ɗaura igiya ta rataya zane, ta ajiye kujera a baya, ta ɗora filo a kai ta ce wannan shi ne Fada. Yara su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna gwadawa. Doka ce a gwaji ba a faɗin na gaske. “Ni ba Fada ba ce, filon nan ma ba Fada ba ne. Ku ƙirƙiro.” Wata yarinya ta taɓa durƙusawa ta ce ta kashe mutum bakwai ta saci raƙumi. Gwaggo ta ce, “To, sau nawa kika saci raƙumin? Ana faɗin sau nawa.”

Na gasken kuwa, kowane yaro yakan juya baya ya rubuta nasa a takarda, don ya saba da tunawa, ya ninke ta gida huɗu. Ba mai karantawa. In an tashi, sai a jefa su a kaskon turaren wuta, kowa ya ga tasa ta zama toka. Dalili biyu ne, in ji ta: sirrin yaro, da kuma kada a bar rubutu a gidan mutane. Akwai doka ta biyu da kowane yaro ya haddace kafin ma ya haddace addu'a: in baƙo ya ƙwanƙwasa ƙofa, takardu wuta, nan take, ba a jiran Mama Filo. Haka suke kiranta.

Na taɓa tambayarta, ina aji biyu a sakandare, ina jin kaina da ilimi. Na ce, “Gwaggo, me ya sa ba ku roƙi Allah kai tsaye ba, yadda muke yi?”

Tana ninke kaya, ba ta ɗago ba. “Muna roƙo. Amma kunne ma yana so ya ji an ce masa an yafe. Ba ki ga ubanki ranar Salla ba?”

Ban sake tambaya ba. Ni Musulma ce, ita ma ba ta taɓa ce mini in zama wani abu ba. In azumi ya zo ita take soya mana sambusa, tana mita wai mun cika ci.

Fada ba ya zama a garin. Wani yakan zo, sau ɗaya a shekara, wani lokaci sai an shekara biyu, labari ya bi baki-baki, a taru a wani gida da ban san shi ba, ko na sani ma ba zan rubuta ba. Abin nan kuma ba a yinsa ta waya, sai ga ka ga Fada. Wanda ya fi zuwa a shekarun nan mutumin Indiya ne, Turanci yake ji. Yaran kuwa haihuwar Jidda ne, Larabci ne a bakinsu sai Hausar gida, iyayen ma wasu Turancinsu bai kai su faɗi abin da ke zuciya ba. A ƙa'idarsu an yarda a sa tafinta. Gwaggo ta yi firamaren mishan, ta kuma goge da 'yan Filifin a asibiti, don haka ita ce tafintar. Takan zauna a ƙasa ta fuskanci bango, mai furtawa ya yi magana, ta juya wa Fada, Fada ya amsa, ta juyo. Kuma nauyin da ke kan Fada yana kanta: abin da ta ji ba ta faɗa wa kowa har mutuwa, ba ta nuna a fuska, ba ta ma tayar da maganar da wanda ya faɗa sai in shi ya fara. Ta taɓa nuna mini kunnenta ta ce, “Nan kabari ne.” In ta dawo daga irin wannan rana ba ta cin abinci sosai. Matan da ta yi wa tafinta kuwa, in sun haɗu a kasuwa, sai su yi mako biyu suna gaishe ta ido a ƙasa.

A ƙarshen shekarar 2021 aka fara rushe unguwanni. Da farko muna jin na nesa, sai ya matso. Mutanen baladiyya, wato hukumar gari, sukan zo da jan fenti su rubuta “ikhla” a bango, wato a kwashe a bar gida, su faɗi ranar da za a yanke wuta. Kowa ya shiga ɗaure kaya tun ba a zo kansa ba. A lokacin yara huɗu ne a hannun Gwaggo, kuma an ce Fada yana tafe nan da mako uku. Ta ce ko ana rushe ɗakin a kanta sai ta ƙarasa da su, don in suka watse ba ta san ranar da za su sake samun dama ba.

Wata Juma'a da hantsi tana tare da yaran, ta kuma zazzage gwangwanin biskit a gefen tabarma tana ware takardu, tana sa wa kowace sabuwar leda saboda tashi. Aka buga ƙofar baya da ƙarfi. Ta sauka. Wani ne mai farar mota yake tambayar gidan wa da wa, yana rubutu. Ta daɗe a ƙasa, don Baba yana masallaci. Da ta hau, yaran suna zaune tsaf, kasko yana hayaƙi. Ta yaba musu. Ta tattara takardun gida ta mayar gwangwani ba ta ƙirga ba.

Bayan kwana uku Baba ya ce a sauko da gwangwanin a sa a akwatinsa. Komai yana nan, fasfo, takardun haihuwarmu, takardar aure. Ledar wasiƙar tana nan, ba komai a ciki.

Mun kwashe ɗakin kaf. Mun ɗaga katifa, mun zazzage littattafai, na tona har kwandon shara. Juma'ar da ta biyo Gwaggo ta tambayi yaran ɗaya-ɗaya, kowa ya ce tasa kawai ya jefa. Ita kanta ta fara zargin kanta, don takan share ragowar takardu ta ƙara a wuta in an tashi. Ta gaya wa Baba haka, ba ta ɓoye ba.

“Allah ya sani, Bawa, ban san yadda aka yi ba. Wataƙila yara, wataƙila ni. Ban sani ba.”

Baba bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga. Ya ce, “Shekara goma sha uku kina ƙona takardu a kaina ban ce komai ba.” Sannan ya ce, “Ke kika yi jinya, ni aka rubuta wa. Na san abin yana ranki.”

Umma ta ce, “Haba, Abu Wijdan. Khalas, ka bari.” Gwaggo ta dube shi kawai, ta hau sama.

Na zauna na rubuta wasiƙar daga kaina, ban bar ko harafi ba, har da tsamiyar. Na kai masa. Ya duba ƙasan takardar, inda babu komai, ya miƙo mini. “Adana a littafinki,” ya ce.

Duk da haka abin ya fara lafawa. Baba mutum ne mai saukowa in an ba shi lokaci. Ya fara amsa gaisuwarta. Umma ta ce mini ya kama shigga, wato sashen haya a bene, mai ɗaki uku a unguwar Aziziyya, ya kuma ce ƙaramin ɗakin na Yaya ne, sai dai ba makaranta, don bene ne mai maƙwabta.

Sai Fada ya zo. Gwaggo ta tafi da yaranta huɗu da safe, sun sha wanka, ta dawo bayan la'asar. Na tarye ta a matakala na ce yaya aka yi. Ta ce, “Duk sun yi.” Ta shige. Ban ga wani abu daban ba, na ɗauka gajiyar da ta saba ce.

Abin da ya canza ƙarami ne, Baba ne ya fara lura. Da, in maganar wasiƙar ta taso, takan ce ban sani ba. Daga ranar ta daina. In Umma ta ce, “Ni dai har yanzu ina mamakin takardar nan,” sai Gwaggo ta tashi ta ɗauki wani abu ta fita. Sau biyu, sau uku. Baba yana kallo.

Ranar tashi, an riga an yanke wuta, jan fenti yana bangonmu, gidan su Maman Lawali da ke kallonmu ya zama tarin bulo. Motar kaya tana ƙofa. Gwaggo ta sauko da jakarta biyu da kaskon a leda. Baba ya tsaya tsakaninta da motar. Ina riƙe da fanka, ina jin komai.

“Yaya, tambaya ɗaya. Ki dube ni ki ce ba ki san abin da ya sami takardar Inna ba. Ki faɗa kamar yadda kika faɗa da farko, shi ke nan, na yarda, mu tafi.”

Ta dube shi. Bakinta ya motsa kaɗan. Direban ya leƙo ya ce, “Yalla ya jama'a, rana tana yi.” Ta sauke ido ta kalli jakarta.

“Ki ce ba ki sani ba kawai.”

Shiru.

Baba ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda likita ya gaya wa abin da da ma ya sani. Ya ce, “To.” Ya zagaya ya shiga gaban mota. Bai ce kada ta hau ba. Ita ma ba ta hau ba. Ta ce wa Umma kamfaninsu yana da masauki a unguwar Khumra, ya ma fi mata sauƙin motar aiki. Umma tana kuka tana jan jakar, Gwaggo tana cewa, “Rabi, sake, za ki tsinke mini hannun jaka.” Ni ina tsaye da fanka. Ban ji komai a raina ba. Na tuna ina tunanin ko mun ɗauko murfin babbar tukunya.

Shekara biyu ta yi a Khumra, ɗaki ɗaya da mata biyar, gado kan gado, bayan wasu rumbunan ajiye kaya. Makaranta ta mutu, yaran sun watse, wasu sun koma garin Bahra, wasu an koma da su gida. Ni da Umma mukan je wata-wata. Takan tambayi Bawa, ko yana shan maganin hawan jininsa, ko har yanzu yana hawa tsani da silifa. Sau ɗaya na ce, “Gwaggo, don Allah, in ke ce ki faɗa, zai yafe. In ba ke ba ce ki faɗa.” Ta ce, “Shayin nan ya yi sanyi, bari in ɗumama.” Na ji haushinta ranar. Ina rubuta wannan don gaskiya ne. Ni ma na ɗauka ita ce.

Ranar Salla Baba yakan dawo daga idi ya zauna, a kawo abinci, ya ci. Ƙaramin ɗakin ya zama wurin ajiye tsofaffin injina.

Da ta cika shekara sittin kamfani bai sabunta mata ba, aka buga mata fita ba dawowa. Mun raka ta filin jirgi ni da Umma. Baba ya aiko da bargo sabo a leda da kwalin dabino, ya ce yana da aiki a gidan kafilinsa Meshari, wanda ya tsaya masa a kan iƙama. Ta karɓa ta ce, “Ki ce masa Yaya ta gode.” Ta koma ƙauye, ɗakin Kaka. Ba ta cika shekara ɗaya da rabi ba. Aka ce ta je ɗibar ruwa ta faɗi, kafin a samo mota ta cika. Baba ne ya ɗauki wayar. Ya ce, “Inna lillahi,” ya ce, “To, to, madalla, an gode,” ya ajiye. Ya zauna har aka kira azahar, ya tashi ya tafi masallaci.

Bayan wata huɗu, wata Asabar da yamma, aka buga ƙofa. Wata mata ce da 'yarta, sai da ta sauke mayafi na gane ta: Maman Salama, ma'aikaciyar jinya, mutuniyar Kagoro. Salama tana cikin yara huɗun nan na ƙarshe, lokacin tana 'yar tara, yanzu ta kusa kai ni tsawo. Sun ce sai kwanan nan suka ji rasuwar, da ƙyar suka samo gidan, kuma su ma wata mai zuwa za su koma gida gaba ɗaya. Baba yana tsakar falo a kan jarida yana goge ragar mukayyif da tsohon buroshi. Aka yi gaisuwa, aka yi ta'aziyya, Umma ta kawo shayi. Aka yi hirar Karantina, wa ya koma ina, wa ya mutu.

Da za su tashi Salama ta matsa ta durƙusa gaban Baba. Hausarta a karye take, tana cike ta da Larabci.

“Ya Ammi, ina so in ce shukran. Tun lokacin ban gan ka ba. Ba ka taɓa aiko a yi mini faɗa ba.”

Baba ya ce, “Faɗan me, 'yata?”

“Waragar nan. Takardar mai yatsa.” Ta dubi uwarta, ta dube ni. “Da aka buga ƙofa na kwashe duk na kan tabarma na jefa. Iri ɗaya ce da namu, an ninke ta haka. Sai da ta kama na ga yatsan. Da na ciro, amma na ji tsoro. Da Mama Filo ta tambaya na yi ƙarya. Amma na faɗa a wurin Fada. Ita ce ma ta fassara. Na ɗauka ta gaya maka, khalas, ka yafe.”

Buroshin yana hannun Baba.

Uwar ce ta fara ganewa. Ta dafe ƙirji ta ce, “Ke Salama. Ai ba za ta iya faɗa ba. Ko ke ba za ta iya yi wa maganar ba sai kin fara.” Ta juyo wurin Umma. “Wani abu ya faru ne?”

Umma ta gaya mata, a taƙaice, har da tambayar bakin mota. Maman Salama ta ce a hankali, “Ni a yadda aka koya mana, abin da mutum ya ji a wurin ba a lissafa shi cikin abin da ya sani. Da ta ce ban sani ba, ba na jin ta yi laifi.” Ta girgiza kai. “Amma kin san Mama Filo. Shekara nawa tana gaya wa yara ƙarya ƙarya ce. Kuma wa za ta tambaya? Fada ya riga ya tafi.”

Salama ta fara kuka, tana cewa ba ta sani ba, wallahi ba ta sani ba. Baba ya ajiye buroshin. Ya goge hannunsa a jikin wandonsa ya ɗora a kanta.

“Doka kika bi. Tashi. Na yafe miki, ki ji da kunnenki. Allah ya yi miki albarka.”

Suka tafi. Kafin su sauka na bi su matakala na tambayi Salama ko ta yarda in rubuta. Ta ce in rubuta, in dai zan canza mata suna. Na canza.

Da na dawo Baba ya koma kan ragarsa. Ya goge gefe ɗaya, ya juya, ya goge ɗayan, ya sake komawa na farkon da ya riga ya fita. Umma ta kwashe kofuna. Ni na zauna a kujera ina jiran wani abu ya zo mini, kuka ko fushi, bai zo ba. Ana jin ƙarar motoci daga titi.

Can ya ce, bai ɗago ba, “Wijdan. Ranar nan a bakin mota. Ta ce wani abu da ban ji ba?”

“Ba ta ce komai ba, Baba.”

“Haka ne.” Ya hura ƙurar da ke jikin ragar. “Littafin nan naki. Kin sa ta a ciki?”

“Na sa.”

“Me kika rubuta?”

“Ranar zuwa da ranar rasuwa.”

Ya ɗaga ragar yana dubawa ta hasken taga, ya daɗe a haka.

“Ki ƙara. Ki rubuta ba ita ba ce. Ki sa Kande, ki sa Filomina, duka biyun. Ki ce in ji Bawa.”

Na ɗauko littafin na rubuta a gabansa. Ya ce in karanta masa, na karanta. Ya miƙo hannu, na ɗauka littafin yake so, ashe biron ne. Ya shafa tawadar a babban yatsansa, ya shafa, ya shafa, har ya yi shuɗi, ya dangwala a ƙasan layin. Bai fito sosai ba. Sannan ya tashi ya je ya mayar da ragar a jikin mukayyif, ya kunna, ya tsaya a gabansa yana sauraron ƙarar.